Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan Majalisar Dokokin Jihar Texas

Masu girma 'yan majalisa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati da ke kudu maso yammacin Houston, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aiki. Haifaffen Zariya ne ni. Karatu ne ya kawo ni Amurka, aiki ya zaunar da ni, yau kuma ina da ƙuri'a a jihar nan kamar kowa. Na rubuta muku da harshen da nake tunani da shi, domin iyayen yaranmu da ke Houston da Dallas su ma su karanta, su san abin da aka faɗa muku a madadinsu.

Maganata a kan dokar da ta ba wa ɗalibai marasa takardun zama damar biyan kuɗin jami'a irin na 'yan jiha ce. Dokarku ce. A zaurenku na Austin aka haife ta a 2001, lokacin da Rick Noriega, ɗan majalisa daga nan Houston, ya gabatar da ƙudurin HB 1403. 'Yan Republican da 'yan Democrat suka mara masa baya, waɗanda suka ƙi ba su taka kara sun karya ba, Gwamna Rick Perry ya sa hannu. Texas ce jiha ta farko da ta yi haka a Amurka, Kalifoniya ta biyo bayanta cikin shekarar. Sharuɗɗan ba su da wuyar fahimta. Yaro ya zauna a Texas shekara uku kafin ya gama sakandare, ya gama ta a nan, sannan ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa zai nemi izinin zama na dindindin da zarar doka ta buɗe masa ƙofa. Ba kyauta aka ce zai yi karatu ba. Cewa aka yi ya biya abin da ɗan ajinsu yake biya.

Shekara 24 dokar nan ta yi tana aiki. Kusan kowane zama da kuka yi sai wani ya kawo ƙudurin soke ta, kuma kowane karo sai ƙudurin ya mutu a hanya. Haka aka yi a zaman 2025. An kawo, an tafka muhawara, ɗalibai sun zo sun yi magana, kuka tashi ranar 2 ga watan Yuni ba ku soke ta ba. Bayan kwana biyu kacal, ranar 4 ga Yuni, Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta shigar da ƙarar jihar Texas a kotun tarayya reshen Wichita Falls. Antoni-janar ɗinmu Ken Paxton, wanda aikinsa shi ne ya kare dokokin da kuka yi, bai tsaya ya kare ta ba. Ofishinsa ya haɗa hannu da mai ƙara, suka roƙi kotu tare ta soke dokar, alƙali Reed O'Connor ya amince. Duk a wuni guda. An shigar da ƙara da rana, kafin dare an gama. Ba a kira ɗalibi ko ɗaya ba, ba a ji ta bakin jami'a ko ɗaya ba, ku ma da kuka yi dokar ba wanda ya tambaye ku.

Ina so ku tsaya a nan ku dubi abin da idon basira, ko da kuna cikin masu ƙin dokar. Shari'a ana yin ta ne tsakanin mutum biyu da suka saɓa. In mai ƙara da wanda ake ƙara bakinsu ɗaya tun kafin su shiga kotu, to ba hukunci suka je nema ba, hatimi suka je karɓa. Na sha jin 'yan Republican suna kuka da wannan dabara a zamanin Obama, suna cewa hukumomin tarayya na barin ƙungiyoyi su kai su ƙara don a sasanta a bayan fage a ƙetare majalisa. Gaskiya suka faɗa a lokacin, kuma gaskiyar ba ta sauya ba don yau naku ne suka yi. Abin da wakilai 150 da sanatoci 31 suka ƙi yi a bainar jama'a, shi lauyoyi kaɗan suka yi cikin sa'o'i. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Gobe in aka sami wani antoni-janar da wata gwamnatin tarayya masu ra'ayi ɗaya, dokar da kuke ji da ita ce za ta bi wannan hanyar, kuma ba za ku sami bakin magana ba, don kun yi shiru yau.

Tun da na zo jihar nan ba maganar da na fi ji a bakin shugabanninta kamar 'yancin jihohi. Gwamna Greg Abbott, lokacin yana antoni-janar, ya taɓa bayyana aikinsa da cewa yakan je ofis ya kai gwamnatin tarayya ƙara sannan ya koma gida. Texas ce ta jagoranci jihohin da suka tsayar da shirin Obama na 2014 na kare iyayen yara 'yan ƙasa daga kora. Texas ce ta kai shirin DACA kotu, wato shirin da ke kare waɗanda aka shigo da su ƙasar suna yara daga kora. A Janairun 2024 dakarun jiha suka karɓe wani fili a bakin kogi a Eagle Pass, suka hana jami'an kan iyaka na tarayya shiga, aka ce mana wannan hurumin jiha ne. Kullum ana karanta mana gyara na goma na kundin tsarin mulki, wanda ya ce ikon da ba a ba tarayya ba na jihohi ne da jama'arsu. To, masu girma, in akwai abu guda da ya kai ya zama hurumin jiha, ai bai wuce kuɗin da jami'ar jiha za ta karɓa daga yaron da ya gama sakandaren jiha ba. Tsaron kan iyaka da ba da biza, kowa ya san na Washington ne, amma a nan kuka ja daga. Jami'ar Texas da ke Austin, da Texas A&M, da kwalejojin unguwa da ake gina su da harajin gidajenmu, waɗannan naku ne tun asali, amma a nan aka miƙa wuya ba tare da an ce uffan ba.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ba na cikin masu ɗaukar 'yancin jihohi abin tsarki. Na karanta tarihin jihar nan. Da sunansa aka hana Heman Sweatt, baƙar fata ma'aikacin gidan waya a Houston, shiga tsangayar koyon lauya a Austin, sai da Kotun Ƙoli ta buɗe masa ƙofa a 1950. Da sunansa kuma aka yi dokar 1975 da ta ba makarantu damar korar yara marasa takardu, har garin Tyler ya sa wa kowane yaro dala 1,000 a shekara, kuɗin da leburan gona ba zai iya haɗawa ba. Kotun Ƙoli ta rushe wannan a 1982, a shari'ar Plyler da Doe, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Dalilinsu shi ne ba a hukunta yaro da laifin da iyayensa suka yi. Saboda haka na san ikon jiha wuƙa ce, tana yanka nama tana yanka yatsa. Abin da ya dame ni shi ne a zare ta duk lokacin da za a tsananta wa baƙo, sannan a mayar da ita kube a karo ɗayan da jihar ta yi amfani da ita wajen yi masa adalci. Wanda ya yi imani da aƙida yakan tsaya mata har ranar da ta kare abin da ba ya so.

Mu a Hausa mukan ce musu baƙin haure, wato waɗanda suka hauro katanga. Sunan bai dace da yaran da nake koyarwa ba. Akwai wata yarinya da ta yi shekara biyu a ajina, ba zan faɗi sunanta ba. Tana da shekara huɗu aka kawo ta daga Honduras, a kafaɗar kawunta ta tsallake kogi, ba ta tuna komai sai sanyin ruwa. A nan ta koyi baƙaƙe, a nan take tashi kowace safiya ta dafa ƙirji ta yi mubaya'a ga tutar Amurka da tutar Texas, kamar yadda doka ta ce a yi a makarantunmu. Tana cikin kashi goma na sama a ajinsu, kuma aikin jinya take so. Ni na zauna da ita bayan an tashi, muka cike fom ɗin neman tallafin jiha, muka kai takardar rantsuwar aka buga mata hatimi. Uwarta, mai sharar ofisoshi da dare, ta zo bikin yaye su da ambulan ɗin da take tara kuɗin zangon farko a ciki, ta buɗe ta nuna mini. A watan Yuli yarinyar ta dawo makaranta da wayarta a hannu, ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Kuɗin da aka rubuta mata a watan Mayu ya ninka kusan sau uku. Na ɗauki biro na yi ta lissafi a bayan wata takarda, na rage kwas, na cire ɗakin kwana, na ƙara mata awannin aiki, abin ya ƙi fita. Ni da nake koyar da lissafi na rasa yadda zan yi da lambobin.

Kada 'yan uwana su ɗauka wannan matsalar masu jin Sifaniyanci ce kaɗai. Houston na cikin biranen da 'yan Najeriya suka fi yawa a Amurka, kuma a cikinmu akwai waɗanda suka shigo da biza ta ziyara, ta ƙare, suka zauna. Na san wani yaro a masallacinmu, mahaifinsa direba ne, an zo da shi daga Afirka ta Yamma yana ajin farko na firamare. Bai san matsayinsa ba sai da ya kai shekara goma sha shida, ya ce zai yi lasisin tuƙi kamar abokansa, uban ya sunkuyar da kai ya gaya masa ba shi da lambar shaida ta gwamnatin tarayya da ake ce wa soshal. Irin waɗannan yara ko DACA ba ta kama su, domin shirin na waɗanda suke ƙasar ne tun watan Yunin 2007, su kuwa lokacin wasu ko haihuwarsu ba a yi ba. Ba sa samun tallafin karatu na tarayya, ba sa samun bashin karatu na tarayya. Kuɗin 'yan jiha shi ne igiya ɗaya da ta rage musu.

Na san hujjar masu adawa, kuma ba zan raina ta ba. A 1996 majalisar tarayya ta yi dokar shige da fice da ta ce jiha ba za ta ba wanda ba shi da izinin zama wata gata ta karatun gaba da sakandare bisa dalilin zama a jihar ba, sai in ta ba kowane ɗan Amurka irinta, ko a wace jiha yake. Suna tambaya, ta yaya ɗan ƙasa daga Oklahoma zai biya sama da dala 40,000 a shekara a Austin, wanda ba shi da takarda kuma ya biya abin da bai wuce dala 12,000 ba? Tambaya ce mai nauyi. Amsarta ita ce ɗan Oklahoma yana da jiharsa da ke masa rangwame, iyayensa can suke biyan haraji, kuma in ya ga dama ya ƙaura Texas ya zauna shekara guda yana aiki, ya zama ɗan gida. Yarinyar da na ba ku labari ta yi shekara goma sha huɗu a nan, kuma ba ta da wata jiha da za ta koma. Rangwamen 'yan jiha ba ladan zama ɗan ƙasa ba ne. Da haka ne, da duk Ba'amurke ya same shi a kowace jiha. Ladan zama ne da biyan haraji a wuri guda.

Sannan maganar cewa dokar tarayya ta haramta wannan ba abu ne da aka gama yankewa ba. A 2010 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta duba wannan tambayar, ta ce dokar jiharsu ba ta saɓa wa ta 1996 ba, domin ba a gina ta a kan zama a jihar ba, an gina ta ne a kan yin sakandare shekara uku a can da kammalawa. Ɗan Amurkan da ya yi sakandare a Kalifoniya ya koma wata jiha shi ma yana cin moriyarta. Aka ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraro a 2011. Gaskiya ne lafazin dokarmu ta Texas ya fi na Kalifoniya rauni, don ta yi amfani da kalmar zama. Amma rauni a lafazi gyara yake buƙata. Ko da za a kayar da ita, ai sai a tsaya a yi shari'a a ga inda gaskiya ta faɗi. Minnesota da Illinois da Kalifoniya duk an kai su ƙara a 2025 kan wannan batu, suka tsaya suna kare dokokinsu. Florida kuwa ta soke tata dokar ta 2014, abin ya yi mini ciwo, amma a majalisarta aka kaɗa ƙuri'a, kowa ya san wanda zai tuhuma ranar zaɓe. Mu a nan ko wannan ba mu samu ba.

Wannan rigima ba baƙuwa ba ce a wurina, shi ya sa take taɓa ni fiye da kima. A ƙasar da na fito, jami'o'in jihohi da yawa suna raba kuɗin makaranta gida biyu, na 'yan asalin jiha da na waɗanda ba 'yan asali ba. Ba a tambayar inda aka haife ka ko inda ubanka ya yi shekara talatin yana biyan haraji, takardar shaidar ƙaramar hukumar kakanka ake nema. Na ga yaran da aka haifa a gari, ba su san wani gari ba sai shi, aka ce musu baƙi a bakin tagar rajista. Lokacin da na fara jin labarin dokar 2001, na ce wa kaina ga mutanen da suka gane abin da ya gagare mu: ɗan gari shi ne wanda ya tashi a garin. Na sha yin alfahari da Texas a gaban 'yan uwana saboda wannan.

Ko tausayi aka ajiye gefe, lissafin ma bai ba ku gaskiya ba. Tun daga hukuncin 1982 wajibi ne ku koyar da yaran nan daga ajin share fage zuwa aji goma sha biyu, kuna kashe wa kowane ɗaya sama da dala 10,000 a shekara. Shekara goma sha uku ana ban ruwa, sai da amfani ya kai yanka a ce a bar shi ya bushe a gona. Wannan shi ne aikin baban giwa. Jami'a ba za ta sami kuɗin baƙi daga hannunsu ba, domin ba su da shi. Na 'yan jihar da suke biya a da shi ma za ta rasa. Jihar nan da kanta ta sa wa kanta burin cewa nan da 2030 kashi 60 cikin ɗari na waɗanda ke cikin shekarun aiki su kasance da digiri ko takardar ƙwarewa, asibitocinmu kuma kullum neman ma'aikatan jinya suke. Masu cewa iyayen yaran ba sa biyan haraji su tuna Texas ba ta karɓar harajin albashi. Da harajin sayayya da na gidaje take rayuwa. Mai shara tana biyan na sayayya duk lokacin da ta sayi takalmi ko sabulu, tana biyan na gida a cikin kuɗin haya. Cibiyar ITEP mai nazarin haraji ta ƙiyasta cewa marasa takardu sun biya wa Texas da ƙananan hukumominta kusan dala biliyan 4.9 a 2022. Su suka hau rufin gidajen Houston bayan guguwar Harvey ta 2017. A karɓi harajinsu da guminsu, a rufe wa 'ya'yansu ƙofar jami'ar da harajin ya gina, an ci moriyar ganga ke nan an yar da kwaurenta.

A 2011, a muhawarar masu neman takarar shugaban ƙasa a Orlando, an taso Rick Perry a gaba kan dokar nan. Ya ce wanda yake ganin bai kamata a ilimantar da yaran da aka kawo ba da laifinsu ba, shi bai ga yana da zuciya ba. Maganar ta ja masa asara a siyasa. Amma a wannan zamanin ya kuma tsaya a kan cewa batun na jiha ne, Texas ce ta yanke wa kanta. Ina tuna muku da shi ne don ku san abin da nake roƙo ba baƙon ra'ayi ba ne da na shigo da shi daga waje. Gwamnanku ne ɗan Republican ya faɗe shi a gaban duniya.

Za ku koma zama a Janairun 2027. Roƙona shi ne ku sake rubuta dokar, ku cire kalmar zama, ku ɗora ta a kan shekara uku a sakandaren Texas da kammalawa a nan, ta yadda duk wanda ya cika sharaɗin zai amfana, ɗan ƙasa ne ko baƙo, yana jihar ko ya ƙaura. In Washington ta kawo ƙara, ku sa a tsaya a kare ta har Kotun Ƙoli, kamar yadda kuka saba yi a kan abubuwan da ba su kai wannan zama naku ba. Ku kuma yi doka cewa duk ranar da antoni-janar ya ƙi kare wata dokar jiha, dole ya sanar da majalisa, a ba ta lokaci ta ɗauki lauyanta kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya. Wannan na biyun ya kamata ko mafi tsananin ƙin dokar 2001 a cikinku ya goyi bayansa, don mutuncin kujerarsa yake karewa. Akwai kuma takardun rantsuwar da dubban ɗalibai suka sa wa hannu, da sunayensu da adireshinsu, bisa amanar da suka ba jihar. Ku tabbatar da doka cewa ba za a juya su su zama jerin sunayen farauta ba. In kuma bayan duk wannan rinjayenku ya ga dokar ba ta dace ba, to ku kira ƙuri'a, kowa ya ɗaga hannu a gan shi, mu san da wa za mu yi magana.

Yarinyar tana bin uwarta shara da dare yanzu. Da rana tana ɗaukar kwas ɗaya tak a wata kwalejin unguwa, shi ne abin da ambulan ɗin ya iya ɗauka. A wannan tafiyar, karatun shekara huɗu zai ci mata fiye da goma. Ƙanenta yana ajina bana, kuma ya fi ta kaifin lissafi. Makon jiya na raba fom ɗin jarrabawar shiga jami'a, ya karɓa ya duba, ya tambaye ni ko akwai amfanin ya cike. Na ce masa ya cike, zan rubuta wa masu ikon amsa tambayarsa.

Naku da girmamawa,
Malamin lissafi, kuma mai ƙuri'a a Houston